Tambaya da Amsa: Gwajin kilamidiya, cutar da ke shiga ba sallama

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan karon a kan cuta ɗaya suke, wato kilamidiya, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Mun zaɓi bakwai, mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum likita. Shekarata 22, aurena bai fi shekara ba. Na je asibiti don tsarin iyali sai ma'aikaciyar jinya ta ce ya kamata a yi mini gwajin kilamidiya. Ni lafiyata ƙalau, ba ƙaiƙayi, ba fitar ruwa, ba ciwon mara. Me zai sa a gwada wanda ba ya ciwo?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Shawarar da aka ba ki daidai ce, kuma lafiyar da kike ji ba hujja ba ce a kan wannan cuta. Kilamidiya ƙwayar bakteriya ce, sunanta a littattafan likita Chlamydia trachomatis. Tana kama bakin mahaifa, da hanyar fitsari, da dubura, wani lokaci da maƙogwaro ko ido. Halinta shi ne shiru. Kusan mata bakwai cikin goma da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, maza kuwa kusan rabinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sabbin kamuwa kusan miliyan 129 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Da za a jira sai wanda ya ji ciwo ya kawo kansa, da mafi yawan waɗannan ba za a taɓa gano su ba.

Abin da ke damun likitoci shi ne inda ƙwayar take nufa idan an bar ta. Daga bakin mahaifa takan haura cikin mahaifa, ta shiga bututun nan biyu da ƙwai ke bi ya sauko. Cikin bututun akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke tura ƙwai a hankali zuwa mahaifa. Kumburi yana lalata gashin, idan ya warke kuma ya bar tabo. Tabon na iya toshe hanyar gaba ɗaya, mace ta yi ta neman haihuwa shiru. Yana kuma iya ƙuntata ta kawai, maniyyi ya wuce ya haɗu da ƙwai, amma ƙwan ya maƙale a hanya, ciki ya zauna a wajen mahaifa. Irin wannan cikin idan ya fashe jini ke zuba a cikin ciki, kuma yana kisa. Cikin matan da ba a yi wa magani ba, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne cutar ke haura musu haka. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya goge tabon da ya riga ya zauna. Dalilin gwada mai lafiya ke nan: a riski cutar tun tana ƙofa.

Shekarunki ma suna cikin lissafi. Bakin mahaifar yarinya matashiya yana da wata fata mai laushi da ke leƙowa waje, irin wadda ƙwayar ta fi son kamawa, kuma a ƙasa da shekara 25 aka fi samun cutar. Shi ya sa hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce duk macen da ba ta kai 25 ba kuma tana saduwa a gwada ta sau ɗaya a shekara. Wadda ta haura 25 a gwada ta idan ta yi sabon abokin saduwa, ko tana da fiye da ɗaya, ko abokin nata yana saduwa da wata, ko an same shi da wata cutar saduwa. Ingila tana da shirin gwaji na ƙasa tun 2003, a 2021 kuma ta karkata shi ga 'yan mata, domin a jikinsu ɓarnar ta fi tsanani.

Likita, yaya ake yin gwajin? Gaskiya kunyar a duba ni ce ta hana ni zuwa.

Baiwar Allah, a mafi yawan lokuta ba sai an duba ki ba. Gwajin da ya fi inganci yana neman ƙwayar halittar cutar ne kai tsaye, a takardar asibiti za ki ga an rubuta NAAT ko PCR. Ga mace, samfurin da ya fi kyau shi ne na cikin farji, kuma wanda mace ta ɗauka da hannunta daidai yake da wanda ma'aikaci ya ɗauka.

Za a ba ki tsinke mai auduga a baki da 'yar kwalba mai ruwa a ciki. Ki wanke hannu, ki buɗe ledar tsinken ta wajen gindinsa, kada yatsa ya taɓa audugar, kada kuma ki ajiye shi a kan komai. Ki tsaya ko ki tsuguna yadda ya fi miki sauƙi, ki buɗa da hannu ɗaya, ki tura tsinken ciki kamar santimita 5, wato kusan tsawon ɗan ƙaramin yatsa. Ki juya shi a hankali yana gogar bangon farji na daƙiƙa 10 zuwa 30. Gogar ita ce aikin, domin ƙwayar tana zaune ne cikin fata, wanda ya tsoma ya zare nan take ruwa kawai ya ɗebo. Ki fitar ba tare da ya taɓa cinya ba, ki saka shi cikin kwalbar, ki karya tsinken a wurin da aka yi masa shaida, ki rufe sosai. Ruwan cikin kwalbar shi ke adana samfurin, idan ya zube ki nemi sabuwa. Kada ki wanke cikin farji ko ki saka wani magani ko mai a ciki kafin gwajin. Jinin al'ada ba ya hana a yi, sai dai ki faɗa wa ma'aikacin.

Namiji kuma fitsari ake karɓa, to a nan ne ake yawan kuskure. Mutane sun saba da gwajin fitsari na ciwon mafitsara, inda ake cewa a wanke gaba, a zubar da na farko, a tari na tsakiya. Na kilamidiya akasin haka ne. Fitsarin farko ake so, wanda ya wanko cikin hanyar fitsari, mililita 20 zuwa 30 kacal, kusan cokali biyu manya. Kada a wanke gaba kafin a yi, kuma a tabbata an yi aƙalla awa ɗaya ba a yi fitsari ba. Wanda ya cika kwalba taf ya tsinka samfurin da ruwa, wanda kuma ya yi fitsari minti goma da suka wuce ya riga ya wanke abin da ake nema. Mace ma tana iya ba da fitsari idan tsinken ya gagara, amma yakan kuskure kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da tsinke zai kama.

Akwai maganar da ke da nauyin faɗa amma dole ce. Gwaji yana ganin wurin da aka ɗebo samfurin ne kawai. Idan an yi saduwa ta dubura ko ta baki, fitsari da tsinken farji ba za su nuna abin da ke can ba, kowane wuri da tsinkensa. Ki faɗa wa likita gaskiya, sirrinki amana ce a hannunsa.

Ranka ya daɗe, matata tana fama da fitar farin ruwa. An yi mata gwajin fitsari, an ɗebi ruwan gabanta an shuka, an kuma ɗebi jini. Duk an ce babu komai. Ashe ba shi ke nan babu kilamidiya ba?

Malam, ba lallai ba. Ka koma ka karanta takardun, ka nemi inda aka rubuta sunan cutar da irin gwajin. Shukar da ake yi a ɗakin gwaji ita ce a shafa samfuri a kan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a jira kwana biyu a ga abin da ya tsiro. Kilamidiya ba ta tsirowa a faranti, ba ta iya hayayyafa sai cikin ƙwayar halittar jiki mai rai. Takan shiga ciki, ta rikiɗe, ta yi ta rabuwa, bayan awa 48 zuwa 72 ta fasa ta fito ta kama na kusa. Don haka mace na iya cike da ita, sakamakon shuka ya ce babu abin da ya tsiro. Madubin duba ƙwayoyin cuta na yau da kullum ma ba ya nuna ta. Gwajin sankarar bakin mahaifa kuma aikinsa daban.

Na jini yana auna garkuwar da jiki ya taɓa yi ne, ba ya bambance cutar da ke nan yanzu da wadda ta wuce shekaru. Akwai kuma na nan take mai fitar da layi cikin 'yan mintuna, yawancin irinsa suna kuskure masu cutar da yawa, don haka "babu" ɗinsa ba abin kwantar da hankali ba ne. Wani abin da ke ɓata sakamako shi ne shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanaki kaɗan kafin gwaji, yakan danne ƙwayar ba tare da ya gama da ita ba. A faɗa wa likita duk abin da aka sha.

A inda babu na'urar gwajin, likita kan duba alamomi ya ba da maganin da ya haɗa kilamidiya da ciwon sanyi mai fitar da mugunya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya. Tana taimakon mai alamu, amma marar alamu ba ta ganinsa. Ka kuma sani ba duk farin ruwa ne cutar saduwa ba. Mai kauri kamar dusa da ƙaiƙayi yawanci ƙwayar fangas ce, mai ƙarni kuma rikicewar ƙwayoyin farji ce. Kalmar "sanyi" da muke jibga wa duk wani ciwon gaba ta haɗe cututtuka da yawa da maganinsu bai zama ɗaya ba, kuma ta sa mutane da dama shan abin da ba nasu ba.

Na sadu da wata ba kariya kwana huɗu da suka wuce. Jiya na yi gwaji an ce babu. Na tsira?

Ɗan'uwa, gwajin ya yi wuri. Ƙwayar tana buƙatar lokaci kafin ta yi yawan da na'ura za ta kama. Ka sake bayan mako biyu cif daga ranar saduwar, kafin nan kada ka kusanci kowa sai da kwaroron roba. Idan ka ji zafin fitsari ko ka ga ruwa tsararo yana fita, musamman da safe, kada ka jira mako biyun, alamun kan fito tsakanin mako ɗaya zuwa uku. Ka nemi a haɗa maka da gwajin ciwon sanyi, da tunjere, da ƙanjamau, kowanne da nasa lokacin jira. Kumburi da ciwo a maraina gefe ɗaya na iya zama cutar ce ta gangara can. Amma ciwon maraina mai tsanani da ya zo farat ɗaya na iya zama murɗewar jijiya, wannan a tafi asibiti a lokacin, domin bayan kamar awa shida ana iya rasa ɗan marainan.

Likita, an same ni da ita, shekararmu uku da aure, kuma ban taɓa sanin wani namiji ba sai mijina. Shi ya ce a ban-ɗaki na ɗauko. Gidan ya ƙi daɗi. Wa ke da gaskiya?

Malama, muna jin nauyin abin da kike ciki, za mu faɗa miki abin da ilimi ya tabbatar da inda ya tsaya. Ba a ɗaukar kilamidiya a ban-ɗaki, ko a tawul, ko wurin wanka, ko ta gaisawa da cin abinci tare. Ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jiki. Hanyarta saduwa ce, ko da ba a fitar da maniyyi ba, sai kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa.

Amma gwajin ba ya faɗin ranar da aka kamu, ba ya kuma faɗin wanda ya kawo. Cutar kan zauna watanni a jiki, wani lokaci fiye da shekara, ba tare da mai ita ya sani ba, kuma ma'aurata kan yi ta miƙa wa juna ita, wannan ya warke wancan ya mayar masa. Saboda haka takardar ba za ta iya zama shaidar abin da ya faru jiya ko bara ba, kuma ba ma so a yanke hukuncin aure a kanta ita kaɗai.

Abin da ba ya jira shi ne maganin mai gidanki. A gwada shi, kuma a ba shi magani ko da nasa sakamakon ya ce babu, domin gwaji kan kuskure, jiki kuma kan kawar da ƙwayar da kansa bayan ya riga ya ba wani. Ƙa'idar ita ce duk wanda ɗayanku ya sadu da shi cikin kwana 60 da suka wuce a yi masa magani. Idan maganar ta yi miki nauyi, ku je wurin likita tare ya yi masa bayani da bakinsa. Maza da yawa sun fi karɓar ta daga can.

Na sha maganin da aka rubuta mini. Bayan kwana goma na sake gwaji, har yanzu an ce tana nan. Maganin ne jabu ko cutar ce ba ta jin magani?

Mai yiwuwa ba ko ɗaya, 'yar'uwa. Gwajin yana gano ɓurɓushin ƙwayar halitta ne, bai san mai rai da matacciya ba, kuma gawar ƙwayar kan ɗauki makonni kafin jiki ya share ta. Shi ya sa ba a sake gwaji kafin mako huɗu. Wanda ba shi da ciki, ya sha magani daidai, alamu sun tafi, ba ya ma buƙatar gwajin tabbatar da warkewa. Abin da ake so ya yi shi ne gwaji bayan wata uku, don a ga ko ya sake kamuwa, domin warkewa ba ta barin garkuwa, kuma kowane sabon kamu yana ƙara haɗarin tabo a bututun ƙwai.

Bari mu bi maganin dalla-dalla, ki duba ko akwai inda aka samu giɓi. Na farko a yanzu shi ne doksisaikilin, miligiram 100 safe da yamma, kwana bakwai, ƙwaya 14 ke nan. Madadinsa azitromaisin giram ɗaya a sha lokaci guda. Na biyun ya fi sauƙin sha, amma na farkon ya fi shi aiki, musamman idan cutar tana dubura, shi ya sa CDC ta fifita shi a ƙa'idojinta na 2021. Doksisaikilin yana da sharuɗɗa. A sha shi da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan aƙalla minti 30, domin idan ya maƙale a hanyar abinci yana ƙona ta. Kada a haɗa shi da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ko na ƙarfin ƙashi, ko na ƙwannafi, suna kama shi a hanji su hana shi shiga jini. A raba su da awa biyu zuwa uku, haka ma madara. Yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Idan yana tayar da zuciya a sha bayan an ɗan ci abinci. Wanda ya yi amai jim kaɗan bayan ya sha azitromaisin ya koma wurin likita, wataƙila maganin bai zauna ba.

Wuraren da aka fi faɗuwa uku ne, kuma na ukun ya fi yawa. Wani ya ji sauƙi a kwana na uku ya ajiye sauran, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Wani ya sayi abin da ba na cutar ba: metronidazol ba ya kashe ta, maganin fangas da ake sakawa a gaba ba ya kashe ta, allurar seftiriyazon ta ciwon sanyi ita kaɗai ma ba ta kashe ta. Na ukun shi ne komawa shimfiɗa da wuri. Ba a saduwa sai an gama kwana bakwai na doksisaikilin, ko kwana bakwai sun cika bayan shan azitromaisin, kuma sai abokin saduwa shi ma ya gama nasa. Idan ke kin fara Litinin shi ya fara Alhamis, daga Alhamis ake lissafi.

Idan kuwa kina jin ciwon mara, ko zazzaɓi, ko zafi can ciki lokacin saduwa, ko zubar jini tsakanin al'ada, ki koma a duba ki ba tare da jiran wani gwaji ba. Cutar da ta haura sama ba ta jin maganin kwana bakwai, ana haɗa magunguna ne har kwana 14.

Ina da ciki wata uku, a wurin awo aka ce ina da ita. Zai shafi jaririn? Kuma maganin ba zai taɓa cikin ba?

Uwargida, an gano ta a lokacin da ya dace. Ana so a gwada mai ciki a zuwanta awo na farko idan ba ta kai 25 ba ko tana cikin masu haɗari, a kuma maimaita a watanni ukun ƙarshe. Kilamidiyar da ba a magance ba tana da alaƙa da fashewar faya kafin lokaci, da haihuwar bakwaini, da ciwon mahaifa bayan haihuwa.

Mai ciki ba ta shan doksisaikilin, saboda yana iya taɓa haƙora da ƙashin ɗan tayi. Naki shi ne azitromaisin giram ɗaya lokaci guda, idan bai karɓe ki ba sai amoksisilin miligiram 500 sau uku a rana har kwana bakwai. Dukansu an daɗe ana ba masu ciki. Ki lura kada a musanya naki da na mai gidanki idan an ba ku tare, domin shi doksisaikilin za a iya ba shi. Ke kuma, saɓanin mai tambayar da ta gabata, dole a sake gwada ki bayan kamar mako huɗu don a tabbatar ta tafi, sannan a ƙara bayan wata uku.

Jariri yana ɗauka ne lokacin da yake ratsowa ta hanyar haihuwa. Alamar farko a ido take: tsakanin kwana 5 zuwa 12 da haihuwa fatar ido ta kumbura, idon ya yi ja, kwantsa ta riƙa taruwa tana like shi, a goge ta dawo. Wanda ya fara tun kwana biyu zuwa biyar da mugunya mai yawa ya fi kama da na ciwon sanyi, shi kuma yana iya makantarwa cikin kwanaki, a kai shi asibiti a ranar. Man idon da ake shafa wa jarirai bayan haihuwa ba ya kare su daga kilamidiya, kuma maganin ɗigawa kaɗai ba ya warkar da ita, domin ƙwayar tana cikin hanci da maƙogwaro ma. Daga nan takan sauka huhu tsakanin wata ɗaya zuwa uku, jariri ya riƙa wani gajeren tari a jere a jere, numfashinsa ya yi sauri, hanci ya toshe, jikinsa kuma ba zafi. Rashin zazzaɓin ne ke yaudarar iyaye su ɗauka mura ce. Maganinsa na sha ne, eritromaisin na ruwa da likita zai auna bisa nauyinsa, sau huɗu a rana har kwana 14, wani lokaci sai an maimaita. Idan jaririn bai kai mako shida ba kuma ya fara amai mai tsartuwa da ƙarfi bayan shan nono yayin da yake kan maganin ko bayansa, a mayar da shi a duba mafitar tumbinsa. Ki rubuta sunan cutar da ranar da kika sha magani a katin awonki, ki nuna wa ungozoma ranar haihuwa, ki kuma nuna wa duk likitan da zai duba jaririn a watanni ukun farko.